A Kwance, A Jere

Taga kawai na je rufewa.

Maigadin ginin ofishinmu ne ya kira ni a waya da yamma liƙis. Ya ce, "Mai Fenti, tagar ofishinku a buɗe take tun safe, iska sai buga ta take yi. Ga hadari ya haɗo. Ka zo ka rufe, kada ruwa ya ɓata muku kaya."

Na ce masa to. Ya kashe, ni kuwa na daɗe riƙe da wayar. Wata huɗu ke nan rabona da wurin, kuma na san da hannuna na sa wa tagar nan sakata ranar da na fito.

Matata tana tsintar shinkafa a ƙofar kicin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ina zuwa, Baban Malama?"

"Ofis. Wai taga ce ta buɗe."

Hannunta ya tsaya cikin tire. "Magariba ta kusa fa."

"Rufewa kawai zan yi in dawo."

Malama 'yarmu ce, ita kaɗai Allah ya ba mu. Ba sunanta ba ne, ni na laƙaba mata. Shekara talatin na yi ina rubuta wa masu shaguna allo da fenti da buroshi. Zare nake shafa wa alli, in ɗaure shi gefe da gefe, in ja in saki, layi ya fito sak, sannan in jera haruffa a kai. Da injin buga rubutu ya shigo, aiki ya ja baya. Daidai lokacin ita kuma ta gama karatun kwamfuta. Ta ce, "Baba, shafin intanet ma ai allo ne. Sai dai shi ba ya tsatsa." Muka kama ɗaki ɗaya a hawa na uku, rabi gwangwanayen fentina, rabi teburinta. Ni in zana tambari, ita ta gina shafi.

Ba ta tsaya nan ba, wai sai na koya. Ta kan zaunar da ni gaban kwamfuta tana ƙwanƙwasa tebur da biro. "Ɗalibi, ina waƙafi mai ruwa na ƙarshen layi? Ka cinye shi ne?" In ce, "A yi haƙuri, Malama, tsufa ne." Ta ce, "Tsufa ba uzuri ba ne a ajina." Maƙwabta suka ji, suna ya bi ta har gida.

Aikin da muka yi na ƙarshe shafinmu ne na kanmu. A can samansa, wurin da take kira kan shafi, akwai tambarin da na zana da hannuna, sai kalmomi huɗu da mutum zai danna: Gida, Ayyukanmu, Hotuna, Tuntuɓe Mu. So muke su zauna a layi ɗaya daga hagu zuwa dama. Su kuwa suka taru a kusurwa, wani kan wani, kamar an jibge kwanuka. Gyaran a wani fayil ake yin sa, CSS, inda ake faɗa wa kowane abu inda zai zauna da irin adon da zai yi. Layi uku ne kacal, in ji ta, kuma ni zan rubuta su da kaina.

Ranar da za mu yi gyaran, Malama ta dafe goshi tun azahar. Ta ce, "Baba, kaina kamar zai rabe. Bari in je gida."

Na ce, "Hasken kwamfuta ne. Sha magani mu ƙarasa, kin san ba na son barin aiki rabi da rabi."

Ta sha. Ta ƙara awa biyu a kujerar nan saboda ni, tana lumshe ido tana buɗewa. Ba mu ƙarasa ba. Kwana uku bayan nan muka dawo daga asibiti babu ita.

Abin da nake ta juyawa a raina ke nan har na isa ginin.

Shagunan ƙasa duk an rufe. An ɗauke wuta. Bencin maigadi babu kowa, sai butarsa da ƙaramar rediyonsa tana shuu a hankali. Na kira shi sau biyu. Shiru. Sama ta yi baƙi-ƙirin, iska tana kaɗa ledoji a kan titi.

Na kunna fitilar waya na fara hawa.

Tun daga hawa na biyu nake jin bugun. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Kamar taga tana dukan bango.

Na tura ƙofarmu. Bugun ya tsaya cak.

Warin ɗakin ya tare ni: busasshen fenti, kananzir ɗin wanke buroshi, ƙura. A ƙarƙashinsu kuma wani ƙamshi siriri, na man lemun tsami da take shafawa a hannu. Sai da na dafa bango.

Na haska tagar. A rufe take. Sakatar tana inda na bar ta, har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta.

A nan ya kamata in juya.

Amma akwai haske a kan teburinta. Kwamfutar a kunne take, alhali babu wuta a ginin gaba ɗaya. Rabin gilashin shafinmu ne, kalmomin nan huɗu a jibge a kusurwa yadda muka bar su. Ɗaya rabin kuma fayil ɗin gyara, ɗan layin da ke nuna wurin rubutu yana ƙyaftawa daidai inda ta tsaya.

Mayafinta ruwan toka yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Kofin shayinta yana gefen kwamfutar. Silifas ɗinta na ƙarƙashin tebur, ɗaya ya hau ɗaya.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ajiye wayar a gefena, na ɗora yatsu a kan madannan. Ban tuna ko harafi ɗaya ba. Hawaye ya fara ɗiga a bayan hannuna.

Kujerar da ke kusa da ni ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in mutum ya zauna.

Ƙamshin lemun ya ƙaru.

"Ɗalibi."

Raɗa ce, daidai kunnena na hagu. Muryarta ce, har da ɗan shaƙewar nan da take yi in ta gaji.

Na san matattu ba sa dawowa. Wallahi na sani. Tun muna yara aka gaya mana akwai masu yawo tsakanin faɗuwar rana da duhu, masu aron muryar wanda ka rasa. Na san abin da ake karantawa, yana kan harshena. Amma wata huɗu ban ji an ce mini Baba ba.

Ban karanta ba. Na ce, "Na'am, Malama."

"Ka makara aji."

"A yi haƙuri."

"Kada ka waiwayo. Rubuta. Display, ruwa biyu, flex. Shi ke sa su sauko su kwanta."

Na rubuta. A kan gilashi kalmomin suka warware, suka miƙe daga hagu zuwa dama.

A bayana na ji an ja wani abu a kan siminti. Ƙiii. Gwangwani ne. Sai wani. Sai wani.

"Waƙafi mai ruwa, Baba. Ka cinye shi ne?"

Na yi dariya, kuka ya biyo ta. Na sa.

"Yanzu ka ga wani ya fi wani ɗagowa. Tsakiyarsu za ka daidaita. Align-items, center."

Na rubuta. Kalmomin suka ɗan motsa, suka zauna daidai da tsakiyar tambarin, sak kamar na ja musu zaren alli.

A bayana ƙananan abubuwa suna ta gyara zama. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Sai na lura ƙamshin lemun ya tafi. Wani wari ya maye gurbinsa, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka haƙo yanzu, da kafur. Na san warin nan. Na shaƙe shi sau ɗaya, ban kuma so in sake ba.

"Sun matse juna. Ba su tazara."

Na ce, "Malama, ni zan tafi. Mamanki tana jira."

"Layi ɗaya ya rage. Ba ka son barin aiki rabi da rabi."

Na rubuta layin.

Shafin ya yi kyau. Tambari a hagu, kalmomi huɗu a jere, tazarar kowanne daidai da ta ɗan'uwansa. Abin da muka so ke nan ni da ita.

Ɗakin ya yi tsit. Ko iska ban ƙara ji ba.

Sai muryar ta zo daga ƙasa, can jikin bango.

"Yanzu waiwayo."

Na waiwaya.

Hasken kwamfutar ne kaɗai a ɗakin, fitilar wayata ta mutu. Daga wannan bango zuwa wancan, an jera kayanmu a ƙasa a layi ɗaya. Duk a kwance. Gwangwanayen fenti a kan haƙarƙarinsu. Buroshi, babba zuwa ƙarami. Kofinta. Silifas ɗinta. Wayata, wadda na ajiye a gefen hannuna.

Hulata.

Na taɓa kaina. Babu komai.

Takalmana.

Na duba ƙafafuna. Simintin nake takawa, ban ji sanda aka zare su ba.

A ƙarshen layin, wani abu dogo yana kwance, an lulluɓe shi da mayafin nan ruwan toka. Ƙusar bayan ƙofa babu komai.

Tsakanin takalmana da shi an bar fili. Shekara talatin ina awo da ido, ban taɓa kuskure ba. Faɗin kafaɗuna ne.

"Layin bai cika ba, Baba."

Mayafin bai motsa ba. Babu alamar numfashi a ƙarƙashinsa.

"Kai ka ce in tsaya mu ƙarasa. Na tsaya. Ni kaɗai a nan, ga sanyi."

Na sauko daga kujera. Na ja jiki har bakin filin. Ba tura ni aka yi ba, kada in yi ƙarya. Ni na je. Gajiya ce ta wata huɗu ta sauko mini gaba ɗaya, na ga babu abin da nake so a duniya kamar in miƙe a wurin nan in rufe ido.

Na dafa filin. Simintin ya yi laushi kamar turɓaya.

Na ce, "Ki yafe mini, 'yata. Da na bar ki kin tafi tun azahar..."

"Kwanta, sai in yafe."

Na sa gwiwar hannu a ƙasa. Haƙarƙarina ya taɓa. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi.

Amma maganar ba ta zauna mini ba. A daren farko a asibiti, kafin bakinta ya rufe, na roƙe ta wannan gafarar. Ta kama yatsana ta ce, "Haba Baba, ciwo ne ya zo, ba kai ka kawo shi ba. Kada in sake ji." Malama ba ta taɓa ciniki da yafiya ba.

Sai wayata ta yi ƙara.

Tana can cikin layin, tana haske tana rawa a kan siminti. Matata ce.

Kan da ke ƙarƙashin mayafin ya juya wajen wayar. Jikin bai bi shi ba. Ya juya, ya ci gaba da juyawa, ya wuce inda wuyan mutum ke tsayawa.

"Mama ce?"

Muryar ta cika da murna.

"Ɗauka. Ka ce ta zo. Akwai wuri."

Ƙiii.

Gwangwanayen suka fara matsawa. Buroshi suka bi su. Kofi, silifas, hula. Suna buɗe wani fili a gefena.

Ƙarami ne. Faɗin kafaɗun matata.

Na yi ihu. Ban san me na faɗa da farko ba. Daga baya na ji bakina yana a'uzu billahi, harshena yana harɗewa, ina sake farawa. Na yunƙura. Ƙasar ta riƙe ni kamar taɓo. Na fizge, rigata ta yage.

Na rarrafa wajen ƙofa.

Aka kama idon sawuna na hagu.

Ban duba ba. Na dai ji yatsun. Sun zagaye ƙafata sau biyu.

"Baba."

Yanzu kuka take yi, irin kukanta na ƙuruciya in an kashe fitila.

"Baba, kada ka sake barina."

Na rungume ƙarfen ƙofa. Ina karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ina kuka, ina ce wa kaina ba ita ba ce, ba ita ba ce. Ana ja. Farcena ya ɓalle a jikin ƙarfen.

Kafin in kai ƙarshen ayar, muryar ta canja. Ta yi kauri, ta rabu biyu, ta koma uku. Duk suna cewa Baba.

Aka sake ni.

Na gangara matakala da baya da kafaɗa, ban tsaya ba sai a hawa na ɗaya.

Hasken tocila ya dalle mini ido. Maigadi ne, da ledar burodi a hannu, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

"Subhanallahi! Mai Fenti? Me ya kawo ka yanzu? Ina takalmanka?"

Da ƙyar na ce, "Ba kai ka kira ni ba? Taga..."

Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi duhun matakala. Ya rage murya.

"Wayata tana wurin mai gyara tun shekaranjiya. Tashi mu fita daga nan."

Shi ya raka ni gida, ina dafe da kafaɗarsa.

Washegari da hantsi ya hau da maƙwabta biyu suka kwaso kayanmu. Sun ce komai yana wurinsa, gwangwanaye a kan kanta, mayafi a ƙusa, hulata da takalmana da wayata a kan kujera. Kwamfutar ba ta sake kamawa ba. Abu ɗaya ne ya sa suka yi sauri: a cikin ƙurar ƙasa akwai shatin abubuwa a jere daga bango zuwa bango, da wurare biyu masu tsawo da aka share tas.

Mai ginin ya sa wa ɗakin kwaɗo. Har yau ba wanda ya kama shi.

Ƙafata ta hagu ba ta koma daidai ba. Akwai baƙin zobe biyu a idon sawun, kuma daga nan zuwa ƙasa ko allura aka soka ba na ji. Jan ta nake yi. Na koma rubuta allo a ƙofar gida, abin da ya samu.

Kuskuren da na yi shi ne na ba matata labarin duka. Na ɗauka tsoro zai kama ta. Ta saurara har na gama, hannunta a cinya, sannan ta ce, "Muryarta ce sak?"

"Ba ita ba ce. Kin san ba ita ba ce."

"Na sani. Tambayarka na yi. Sak?"

Na ce, "Sak."

Sai ta ce, "Kuma ta tambaye ni."

"Abin nan so yake ya halaka ki!"

"Kai dai ka ji ta," in ji ta. "Ni ina can gida ina wanke kwano ranar da ta yi maganarta ta ƙarshe."

Bayan sati biyu na dawo daga sayen fenti gab da magariba, na tarar da tukunya tana ƙonewa a wuta, gida a buɗe, babu ita. Ban tambayi kowa ba. Na ja ƙafata har ginin. A hawa na biyu na same ta, ta dafa bango, ta karkata kai sama tana sauraro. Ba ta yi gardama ba da na kama ta. Ta biyo ni kamar yarinya.

Tun daga ranar, in rana ta yi ja, na kan rufe fentina in tafi in zauna a bencin maigadi, daidai bakin matakala. Ya kan matsa mini. Wata rana ba ta zuwa. Wata rana sai in hango ta daga ƙarshen titi, tana tafe a hankali, ta sa kayanta masu kyau.

In ta gan ni sai ta tsaya. Mu dubi juna.

Ta ce, "Sau ɗaya kawai, Baban Malama. In ji ta ce Mama."

Hannunta kawai nake kamawa, in riƙe da ƙarfi, ba na saki sai mun shiga gida na rufe ƙofa.